Shin mara ƙarfi yana samun lauya kyauta a shari'ar da ba ta laifi ba?

Mai Neman Haske ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin doka da kuma waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali. Mijin ƙanwata ya rasu watanni bakwai da suka wuce, ya bar ta da yara uku a gidan haya. A makon jiya aka kawo mata sammaci daga kotu, inda mai gidan yake neman a fitar da ita, yake kuma neman a tilasta mata biyan kuɗin hayar shekara guda da rabi da ya ce marigayin bai biya ba. Ita kuwa ta tabbatar mini cewa marigayin ya biya mafi yawan kuɗin, domin a gabanta yake turawa, sai dai rasit biyu kacal muka samu a cikin takardunsa. Saura kwana 19 ranar da aka rubuta a sammacin.

Ba ta da aikin albashi, ɗan abin da take samu kuma bai wuce na ciyar da yaran ba. Na je wurin wani lauya, abin da ya nema kafin ma ya buɗe mata fayil ya fi abin da nake samu a wata. Wani ya ce mini akwai lauyoyin da gwamnati ke bai wa marasa ƙarfi kyauta, wani kuma ya ce wannan na waɗanda ake tuhuma da laifi ne kawai, ban da rikicin haya ko bashi. Wanne ne gaskiya? Idan akwai irin wannan taimako, da me ake tantance wanda ya cancanta, kuma kyautar ta gaske ce ko daga baya za a biyo ta da lissafi?

Lauya Mai Sa Kai ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mamacin, ya raya abin da ya bari. Mutanen biyu da suka ba ka labari kowannensu yana da rabin gaskiya, kuma zai yi kyau ka fahimci dalilin, domin shi zai nuna maka irin ƙoƙarin da ya kamata ka yi cikin kwanakin da suka rage.

Kotuna suna raba shari'a gida biyu. Akwai shari'ar laifi, inda hukuma ce ke gurfanar da mutum kuma yana iya ƙarewa a gidan yari. Akwai kuma shari'ar neman haƙƙi, wadda ake kira madaniyya, inda mutum ke ƙarar mutum ko kamfani kan haya, bashi, albashi, gado, riƙon yara da makamantansu. A ɓangaren laifi haƙƙin samun lauya ya kafu sosai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa ta 1966 ta ce a bai wa wanda ake tuhuma lauya ba tare da ya biya ba idan ba shi da hali kuma adalci ya buƙaci haka. A Amurka, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 1963 a shari'ar Clarence Gideon, wanda aka ɗaure a jihar Florida bayan an hana shi lauya. Amma da aka zo ɓangaren madaniyya, kotun nan dai ta yanke a 1981, a shari'ar wata uwa mai suna Lassiter da hukuma ta nemi raba ta da ɗanta har abada, cewa ba dole ne a ba da lauya a kowace irin wannan shari'a ba. Hujjar da aka saba kawowa ita ce ba 'yancin walwalar mutum ne ke cikin haɗari ba. Ni dai ban taɓa gamsuwa da wannan hujja ba, domin na ga iyalan da rasa muhalli ya tarwatsa fiye da yadda ɗaurin 'yan watanni zai tarwatsa su.

Saboda haka taimakon yana nan a ƙasashe da yawa, sai dai ba ya zuwa da kansa kamar yadda yake zuwa ga wanda ke tsare. Nemansa ake yi, kuma ana iya ƙin bayarwa. Ingila ta kafa nata tsarin da dokar 1949, Amurka ta kafa hukumar Legal Services Corporation a 1974 don ta riƙa raba kuɗi ga ofisoshin da ke wannan aiki, Najeriya ta kafa hukumarta ta tallafin shari'a a 1976 kuma ta sabunta dokar a 2011, Indiya ta shigar da batun cikin kundin tsarin mulkinta a 1976 sannan ta yi masa doka ta musamman a 1987.

A yawancin wurare, abubuwa uku ake dubawa. Na farko shi ne abin hannun mai nema, wato kuɗin shigarsa, abin da ya mallaka da yawan waɗanda yake ɗauke da nauyinsu. Ma'aunin ya bambanta: ofisoshin da waccan hukuma ta Amurka ke tallafawa suna karɓar wanda samunsa bai wuce kashi 125 cikin 100 na mizanin talauci na ƙasar ba, dokar Najeriya ta ɗaura shi da mafi ƙarancin albashi, dokar Indiya kuwa ta sa mata da yara cikin waɗanda suka cancanta ba tare da an tsaya kan samunsu ba. Abin lura a nan shi ne halin ƙanwarka za a duba, ba naka ba, tunda ita ake ƙara. Na biyu shi ne ko irin shari'ar tana cikin waɗanda ofishin ke karɓa, kuma a nan kuna da dalilin sa rai, domin shari'ar da mutum zai iya rasa wurin kwanansa tana cikin waɗanda ake fifitawa a wurare da yawa. Na uku shi ne ko akwai abin karewa a maganar, domin ba sa kashe ɗan lokacin da suke da shi a kan shari'ar da ba ta da makama.

A wannan na ukun ina ganin tana da abin faɗa. Rasit biyu ba su ne kaɗai shaida ba. Idan ta banki ko ta waya marigayin yake turawa, bayanin asusunsa zai nuna ranaku da adadi da sunan wanda ya karɓa, kuma lauya ya san hanyar da magada ke bi su samo shi. Saƙonnin da ke cikin wayarsa tsakaninsa da mai gidan su ma shaida ne, don haka kada a goge komai, kada kuma a sayar da wayar. Bayan wannan, a dokoki da yawa bashin mamaci yana kan dukiyar da ya bari ne, ba ya komawa kan matarsa sai idan ita ma ta sa hannu a yarjejeniyar ko ta tsaya masa. Ku duba takardar hayar ku ga sunan wane ne a ciki. Haka nan yawancin dokokin haya suna wajabta wa mai gida ya ba da sanarwar tashi a rubuce, na wani adadin lokaci, kafin ya je kotu, kuma ƙararraki da yawa suna faɗuwa a kan wannan kaɗai.

Game da inda za ku nema, kada ku tsaya a ƙofa ɗaya. Ku fara da ofishin tallafin shari'a na gwamnati, sannan a ranar ku tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi mafi kusa, domin da yawa suna da jerin mambobin da ke karɓar shari'a don sa kai. Akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu da suka keɓanta da mata ko masu haya, akwai kuma jami'o'in da sashensu na koyar da doka ke buɗe ofis inda ɗalibai ke taimaka wa jama'a ƙarƙashin kulawar malamansu lauyoyi.

Tambayarka ta ƙarshe tana da muhimmanci. Kuɗin lauya daban, kuɗin kotu daban. Ana iya ba ta lauya kyauta amma a bar ta da kuɗin shigar da takardu, ko da yake kotuna da yawa suna yafe shi idan mutum ya rubuta takardar rantsuwa yana bayyana rashin ƙarfinsa. A wasu ƙasashe, kamar Ingila, idan mutum ya sami kuɗi ko kadara ta dalilin shari'ar, ana iya cire abin da aka kashe masa daga ciki, a Jamus kuma ana iya sa mai ɗan hali ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Akwai kuma yiwuwar kotu ta ɗora wa wanda aka kayar kuɗin da abokin shari'arsa ya kashe. Ku tambayi waɗannan ukun tun ranar farko, ku nemi a rubuta muku amsar.

Tsohon Magatakarda ya amsa:

Malama lauya ta yi bayani mai gamsarwa. Ni ba lauya ba ne, na dai yi shekaru masu yawa ina zaune a gaban alƙali ina kiran ƙararraki, kuma abin da zan ƙara daga can na gano shi.

Ɗana, a cikin duk shari'o'in haya da bashi da suka bi ta hannuna, waɗanda marasa ƙarfi suka rasa saboda an yi jayayya an kayar da su kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda suka rasa saboda ba su zo ba. Mutum zai karɓi sammaci, tsoro ya kama shi, ya ce tunda ba shi da lauya zuwansa ba shi da amfani, ko kuma ya yi zaton rashin zuwan zai ja lokaci. Ranar zama sai in kira sunansa sau uku, ba amsa, lauyan mai ƙara ya nuna shaidar cewa an miƙa sammaci, alƙali ya saurari ɓangare ɗaya ya yanke hukunci a bayan idonsa. Ana iya neman a soke irin wannan hukunci, amma sai an nuna uzuri karɓaɓɓe cikin ƙanƙanin lokaci, kuma wahalarsa ta ninka ta zuwa tun farko.

Saboda haka, ko an sami lauya ko ba a samu ba, ƙanwarka ta halarci kotu a ranar, da wuri, da sammacin a hannunta. Idan aka kira ta, ta gaya wa alƙali cikin ladabi cewa ba ta amince da adadin da ake nema ba, kuma tana neman a ɗage zama domin ta nemi taimakon lauya. Idan tana da wata takarda da ke nuna ta riga ta kai buƙatarta ofishin tallafi, ko da ɗan katin da aka rubuta mata ranar dawowa ne, ta miƙa. Ɗagewa tana hannun alƙali, amma a iya abin da na gani, wuya ne a hana wanda ya zo zaman farko da irin wannan roƙo.

Ku karanta sammacin da kyau, gaba da baya. Wasu kotuna suna buƙatar a shigar da amsa a rubuce kafin ranar zama, kuma wa'adin amsar yana iya cika kafin kwana 19 ɗin da kake ƙirgawa. Idan ba ku gane ba, ku je ofishin magatakarda ku tambaya. An hana mu gaya wa mutum abin da zai faɗa don ya yi nasara, amma aikinmu ne mu faɗa masa wace takarda ake cikewa, yaushe ake shigar da ita, nawa ne kuɗinta da yadda ake neman yafiya.

Abu biyu nake ja muku kunne a kai. Akwai mutanen da ke yawo a harabar kotu suna cewa sun san alƙali ko za su gyara magana, kada ku ba su ko sisi, duk kuɗin da za a biya kuma a karɓi rasit na kotu. Sannan lauyan mai gidan yana iya tare ta a waje kafin zama ya ba ta takardar sulhu ta sa hannu. Sulhu abu ne mai kyau, amma wannan lauya wakilin abokin shari'arta ne, kuma da zarar alƙali ya amince da takardar ta zama hukunci. Kada ta sa hannu a abin da wani nata bai karanta mata ya fayyace ba.

Ɗalibar Shari'a ta amsa:

Ina girmama bayanin Malama da na Baba, amma ina so Malam mai tambaya ya shirya wa yiwuwar a ce masa babu, ko da ƙanwarsa ta cika kowane sharaɗi. Cancanta ba ta nufin samu. Rahoton da hukumar Legal Services Corporation ta fitar a 2022 ya nuna cewa a kashi 92 cikin 100 na manyan matsalolin madaniyya da masu ƙaramin ƙarfi a Amurka suka fuskanta, ko dai ba su sami taimakon doka ba sam, ko kuma wanda suka samu bai isa ba, sannan ofisoshin da hukumar ke tallafawa suna mayar da kusan rabin masu zuwa saboda ƙarancin ma'aikata da kuɗi. A Ingila, dokar 2012 da ta fara aiki a watan Afrilun 2013 ta cire mafi yawan shari'o'in iyali, na aiki, na bashi da na tallafin jin daɗin jama'a daga tsarin ba da lauya kyauta, ko da yake ta bar wanda ke gab da rasa gidansa. Idan haka abin yake a ƙasashe masu arziki, ba sai an faɗi halin da ofisoshin ƙasashe masu ƙaramin kasafi suke ciki ba.

Wannan ya sa nake ganin kuskure ne a ɗauka cewa taimako yana nufin lauya ya tsaya wa mutum daga farko har ƙarshe. Zaman awa ɗaya da wanda ya san dokar haya, ya duba takardu, ya rubuta amsa, ya gaya mata abin da za ta faɗa da abin da za ta guje wa, yana iya sauya sakamakon shari'a irin wannan. Ofisoshi da yawa da ba za su iya ba da wakili ba suna iya ba da wannan, amma sai an roƙa. Akwai kuma mutanen da aka horar da su kan doka ba tare da sun zama lauyoyi ba. Afirka ta Kudu tana da ofisoshin ba da shawara na cikin al'umma tun zamanin mulkin wariyar launin fata, Saliyo kuma ta amince da irin waɗannan ma'aikata a dokarta ta tallafin shari'a ta 2012. Yawanci ba sa tsayawa a gaban alƙali, amma suna tara shaida, suna rubuta wasiƙu, suna shiga tsakani, kuma sun san lauyan da za a kai wa magana idan ta yi nauyi.

Ban yarda dai a tsaya a nan a matsayin manufa ba. A 1979 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta saurari ƙarar Johanna Airey, wata mata 'yar ƙasar Ailan da ke neman kotu ta raba ta da miji mai cutar da ita, ta kasa samun lauyan da za ta iya biya. Gwamnati ta ce ai ba wanda ya hana ta tsayawa da kanta, kotun kuwa ta ce haƙƙin zuwa kotu dole ne ya zama abin da mutum zai iya amfani da shi a zahiri, kuma a shari'a mai sarƙaƙiya hakan na iya wajabta ba da lauya. A 2017 birnin New York ya zama na farko a Amurka da ya yi dokar bai wa masu haya marasa ƙarfi lauya idan ana neman korarsu. Dalilin da masu goyon bayan dokar suka kawo shi ne wanda ke gabanmu a nan: masu gidaje suna zuwa da lauyoyi, masu haya suna zuwa su kaɗai, kuma abin da hukuma ke kashewa kan iyalin da ya rasa muhalli yana iya fin kuɗin lauyan da zai hana a kore su.

Mai Neman Haske ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na koma na duba sammacin kamar yadda ka ce, kuma lallai a bayansa an rubuta cewa a shigar da amsa kafin ranar zama, abin da ban lura da shi ba sam. Takardar hayar kuma sunan marigayin ne kaɗai a ciki. Wayarsa tana nan, mun ga saƙonni huɗu da mai gidan ya amsa cewa kuɗi sun shigo. Gobe da safe za mu fita neman ofishin. Abin da ya rage a raina shi ne wannan, Malama: lauyan da ba mu biya ba, zai riƙe maganarmu da muhimmanci kuwa, kuma abin da za ta gaya masa zai tsaya a wurinsa?

Lauya Mai Sa Kai ta sake amsawa:

Malam, ƙa'idar aikin lauya ba ta bambanta wanda ya biya da wanda bai biya ba. Wajibi ne ya rufa mata asiri, ya yi aiki don amfaninta ita kaɗai ko da gwamnati ce ke biyansa, kuma idan ya yi sakaci ana kai ƙorafinsa ga hukumar ladabtar da lauyoyi kamar kowa. Lauyoyin waɗannan ofisoshi sau da yawa sun fi wasu ƙwarewa a shari'ar haya, domin ita suke yi kullum. Matsalarsu ta gaske yawan fayiloli ce, don haka ku sauƙaƙa masa aiki: ku rubuta abin da ya faru a shafi ɗaya bi da bi tare da ranaku, ku riƙa amsa kiransa, kuma ta faɗa masa gaskiya har abin da ba ya taimakonta. Idan akwai watannin da ta san ba a biya ba, musamman na bayan rasuwar, ta faɗa tun farko, domin da wannan ne zai iya nema mata lokaci ko tsarin biya kaɗan-kaɗan.

Gobe ku tafi da sammacin, takardar haya, rasit ɗin biyu, takardar shaidar rasuwa, katin shaidarta da duk abin da zai nuna samunta da yawan yaran. Saƙonnin huɗun nan ku ɗauki hotonsu yadda lamba da kwanan wata za su fito, ku buga a takarda, ku adana wayar a gida. Ku ba da kwafi, ku riƙe na asali. Ita da kanta za ta je, domin ita ce za ta sa hannu a takardar neman taimakon. Da kun isa, abu na farko da za ku faɗa wa mai karɓar baƙi shi ne ranar da wa'adin shigar da amsa zai cika, saboda yawancin ofisoshi da wannan suke tsara wanda za su fara gani. Idan suka ce ba za su iya ɗaukar shari'ar ba, ku roƙi su taimaka da rubuta amsar kawai, su kuma rubuta muku sunan wurin da za ku nufa daga nan.